Masu tabarau, ku kula da tazarar ido

Wallahi duk mai tabarau da ke son kallon taurari da madubin hangen nesa, kafin ya sayi ɗan gilashin nan da ake kafa ido a kai ya fara duba tazarar da ke tsakanin ido da gilashi, ba girman hoto kawai ba. Jiya na gwada wani irin ɗan gilashin da ake kira Plössl, mai tsawon fokas milimita 10, tazararsa wajen milimita 7 ce, sai ka manna ido kamar mai leƙen ramin makulli, gashin ido yana ta shafa maiƙo a gilashi, da tabarau kuwa tsakiyar Wata kaɗai nake gani gefe duk duhu. Mai tabarau yana buƙatar kamar milimita 18 zuwa 20.

Idan matsalar idonka rashin ganin nesa ce kawai cire tabaran ka murɗa fokas, shikenan, amma mu masu astigmatizim (rashin daidaiton lanƙwasar ido da ke sa gani dishi-dishi) ba mu da wannan gatan.

Dabarata yanzu, ɗan gilashi mai milimita 25 na jona da Barlow (gilashin da ke ninka girman hoto) mai ninki 2, girman ya kusa ɗaya da na mai milimita 10 amma ido a sake, na daɗe ina kallon ramukan Wata wuyana bai ƙage ba. Tazarar in ta yi yawa kuma hoto ya riƙa ɓacewa da ka ɗan motsa kai, wannan ma abin haushi ne.