Layi Huɗu a Jadawali, da Gashin Gaggafa Guda

A shekarar ƙarshe ta karatuna na kimiyyar siyasa, malaminmu ya raba mana aiki: kowa ya ɗauki ɗan majalisar lardi ɗaya daga wata ƙasa mai tsarin tarayya, ya bi tarihin zaɓensa. Ni ƙuri'a ta faɗo mini kan Elijah Harper na lardin Manitoba a Kanada. Ban taɓa jin sunan ba. Na ce a raina wannan ai aikin dare ɗaya ne.

Haka kuwa na yi. Na zana jadawali, na jera shekarun da ya ci kujerar mazaɓar Rupertsland a ƙarƙashin jam'iyyar NDP: 1981, 1986, 1988, 1990. Na ƙara cewa an haife shi a 1949 a Red Sucker Lake, can arewacin lardin, kuma ya shugabanci al'ummarsa ta 'yan asalin ƙasar kafin ya shiga majalisa. Na rubuta cewa ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin lardin ta Howard Pawley. Sai na yanke hukunci da gadara irin ta ɗalibi: tauraronsa ya dusashe daga 1988, tunda a shekarar jam'iyyarsa ta faɗi warwas, ta koma ta uku da kujeru 12 cikin 57.

Malam ya karanta a tsaye, a bakin ƙofar ofishinsa, biro a bayan kunne. Ya ja layi ƙarƙashin wannan jimlar, ya miƙo mini takardar. "Malama, kin ƙirga ƙuri'u, amma ba ki leƙa zauren ba. Je ki duba abin da ya faru a watan Yunin 1990."

Kunya ta ishe ni da na duba. Ashe lokacin da na ce ya dusashe, lokacin ne duk Kanada ta san shi.

A 1987 Firaminista Brian Mulroney da shugabannin larduna goma suka ƙulla yarjejeniyar Meech Lake, don shawo kan Quebec, lardin masu magana da Faransanci, ta amince da kundin tsarin mulki. Sharaɗin shi ne kowace majalisar lardi ta sa hannu kafin 23 ga Yunin 1990. An zauna an gama magana ba tare da an nemi 'yan asalin ƙasar ba, mutanen da Turawa suka tarar a wurin. A Manitoba lokaci ya ƙure, ga ƙa'ida ta ce sai an saurari jama'a kafin a taɓa kundin. Gwamnatin Gary Filmon, shugaban lardin a lokacin, ta nemi a tsallake matakai, abin da ba ya yiwuwa sai duk 'yan majalisa sun yarda baki ɗaya. Shugabannin jam'iyyu uku sun yarda. Harper yana zaune a kujerarsa, riƙe da gashin gaggafa, ya ce a'a. Aka sake nema washegari, ya sake cewa a'a. Haka aka yi ta yi har wa'adin ya zo, majalisa ta tashi ba a kaɗa ƙuri'a ba. Ganin haka Clyde Wells, shugaban lardin Newfoundland, shi ma ya fasa tasa ƙuri'ar, yarjejeniyar ta mutu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba gashin ba ne, duk da shi ne hoton da kowa ke nunawa. Littafin ƙa'idojin zaman majalisa ne, wanda ni da kaina nake tsallakewa a darasi saboda gundura. Mutumin nan bai ɗaga murya ba, bai buga tebur ba. Ya san sakin layin da ya ba shi iko, kuma akwai shugabannin al'ummun asali na Manitoba a bayansa, irin su Phil Fontaine, da lauyoyi suna bin kowane mataki. Da bazarsu yake rawa, kuma bai ɓoye ba. Jadawalina ba shi da gurbin da zan sa wannan.

Da na koma kan 1988 ma sai na ga wata ɓarakar. Na rubuta faɗuwar NDP kamar daga sama ta faɗo, alhali ɗan jam'iyyar ne guda, Jim Walding, ya ƙi goyon bayan kasafin kuɗin gwamnatinsu, gwamnati ta rushe, aka tafi zaɓe. Sau biyu ke nan cikin shekara biyu mutum ɗaya ya juya akalar majalisa ɗaya, ni kuwa ina can ina lissafin kujeru.

Ban ce lissafin ba shi da amfani ba, domin shi ne ya hana ni zarce gona da iri wajen yabo a rubutu na biyu. Harper ya bar majalisar lardi a 1992, ya sauya sheƙa zuwa Liberal, ya ci kujerar Churchill a majalisar tarayya a 1993. A 1997 Bev Desjarlais ta tsohuwar jam'iyyarsa ta kayar da shi, ya sake gwadawa a 2000 bai dace ba. Sunan da ya yi a faɗin ƙasa bai hana mutanen mazaɓarsa juya masa baya ba. Ya rasu a 2013.

Rubutun da na miƙa karo na biyu ya kai shafi tara, jadawalin ya koma can ƙarshe. Malam ya duba, ya zaro biron daga bayan kunne, ya tambaye ni ko na taɓa buɗe littafin ƙa'idojin majalisar jiharmu. Na sunkuyar da kai.