Ranar da na tuƙa jirgin ruwa da numfashina

Da nace wa Umma za ni shiga teku sai da tai shiru a waya, can tace "kai da ko cokali ba ka iya ɗauka, wa ya aike ka?" Ban ga laifinta ba, ita in an ce jirgin ruwa labarin kifewar kwale-kwale take tunawa, kuma tun da hatsarin mota ya taɓa min laka a wuya babu abin da ke motsi a jikina daga kafaɗa zuwa ƙasa, ko keken nawa da haɓa nake tuƙa shi.

A nan Vancouver ta Kanada akwai bakin ruwa da ake ce wa Jericho, nan ƙungiyar da ke koya wa masu naƙasa tuƙin jirgin ruwa take. Sam Sullivan ne ya kafa ta a 1989, shi ma wuyansa ne ya karye yana shekara 19 wajen wasan zamiya a kan ƙanƙara, daga baya har magajin garin ya zama. Jirgin da suka sa ni ciki sunansa Martin 16, tsawonsa ƙafa 16, injinsa iska ce kawai da ƙyalle biyu masu kama ta. A ƙasansa akwai dogon ƙarfe mai ɗauke da dalma wajen kilo 150, ita ke hana shi kifewa, zai karkata har ka ga ruwa dab da kafaɗarka amma sai ya dawo ya miƙe. Wannan bayanin na tura wa Umma har sau biyu, tace Allah ya kiyaye dai.

Shigar ma aiki ce, Yaya da ƴan sa-kai suka naɗe ni a majanyin injin ɗagawa aka lilo da ni kamar buhun masara aka dire a kujera, aka ɗaure ƙirji da ƙugu. Sai aka kafa min ƴan bututun roba guda biyu a gaban baki irin na shan lemo. Ɗaya na juya jirgi, ka zuƙa ya yi gefe ɗaya ka hura ya yi ɗayan, na biyun kuma na igiyar ƙyalle, ka ja ta ko ka sake ta. Na'ura ce ke jin numfashin ta ba ƙananan motoci masu batir umarni, shikenan. Malamar da ke koya min ta zauna a kujerar baya.

To ni fa na ɗauka ƙarfi ake sawa, na dinga hurawa kamar mai hura wutar icce, jirgi ya yi hagu in firgita in zuƙa ya wuce dama, haka muka yi ta tangaɗi kamar ɗan maye. Ashe jirgin ruwa ba ya amsawa nan take, za ka ɗan hura kaɗan ne ka cire baki ka jira shi, in ka ƙara kafin ya amsa to ka wuce gona da iri. Wannan jiran shi ya fi ba ni wahala wallahi, fiye da komai. Akwai lokacin da iska ta bugo jirgin ya kwanta, na saki salati da bututu a baki, ai kuwa salatin nan ya juya mu muka fuskanci iska ƙyalle ya hau faɗa-faɗa muka tsaya cak, malama tana ta dariya a baya, nima na fara sai na tuna dariyar ma tuƙi ce.

Sai kuma na koyi cewa ba a shiga iska kai tsaye, dole ka yanke ta a karkace wajen digiri 45, ka yi nan ka juyo ka yi can har ka isa. Da yake hannuna ba ya jin igiya, da kunci da kunne nake gane inda iska take, sai ƴan zaren da aka liƙa a ƙyallen, in sun kwanta sambal to daidai kake.

Ƙananan abubuwa kuma ba wanda ya faɗa min sai da na sha. Miyau na taruwa a bututu ya sa na'urar ta daina ji sosai, baki na bushewa, sannan irinmu jiki ba ya daidaita zafi da sanyi, ranar farko na fito ina ganin rana ashe sanyi ya gama shiga ta ban sani ba sai da haƙora suka fara haɗuwa. Yanzu da rigar sanyi nake zuwa ko a watan Yuli, da matashin kujerata saboda gyambon zama.

A fita ta shida malama ta koma ƙaramin jirgi mai inji tana bi na daga nesa da oba-oba. Shekaru kenan ban taɓa zama wuri ni kaɗai ba, ko juyi a gado sai an juya ni, sai ga ni a tsakiyar ruwa ga manyan jiragen kaya can a tsaye ga duwatsu, in na ga dama in yi hagu ba sai na roƙi kowa ba. Na yi kuka kam, amma na kawar da baki tukunna.

Wata ƴar Ingila Hilary Lister da irin wannan zuƙa da hurawar ta tsallaka daga Ingila zuwa Faransa ita kaɗai a 2005, cikin awa 6 da minti 13. Ni dai awa ɗaya da rabi nake yi leɓena ya gaji. Yaya ya ɗauki bidiyo ya tura gida, Umma ta kalla ta kira, tambayarta ɗaya, wai ina hulata a wannan iskar.