Gyaran takardu daga cikin akwatin imel

Sana'ata gyaran rubutu ce. Ni da 'yan ma'aikatana muna karɓar rahotanni, takardun yarjejeniya da wasiƙun neman kwangila, mu daidaita su mu mayar wa masu su. Ta imel aiki yake shigowa, ta nan kuma yake fita, don haka akwatin saƙo shi ne ofishinmu na ainihi.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka wuyarsa tana wajen nahawu. A'a, wuyar ita ce sanin wane kwafi ne na ƙarshe. A da, sai ka sauke fayil, ka buɗe shi a Word, ka gyara, ka sake masa suna, ka maƙala ka aika. Kwastoma ya ƙara layi biyu ya dawo da shi. Kafin mako ya zagayo kwamfuta ta cika da "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe na gaske", ba kuma mai iya rantsuwa a kan wanda aka amince da shi.

A ƙarshen 2020 Google ya sa an iya buɗe fayil ɗin Word ko Excel kai tsaye daga cikin Gmail, a gyara shi ba tare da an sauya masa tsari ba, a kuma mayar da amsa da shi daga nan. Hakan ya rage mana zirga-zirga. Gyare-gyare suna da tarihi, ana ganin wanda ya taɓa wane sakin layi da kuma yaushe. Fayil ɗin da ya wuce megabayit 25, iyakar abin da Gmail ke yarda a maƙala, ta Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google, dama yake tafiya.

Amma abin da ya fi canza mana aiki shi ne rubuta bayani a gefen saƙo. Tun 2018 Gmail yake da ɗan fili a dama inda Keep, manhajar Google ta ajiye gajerun bayanai, ke zaune. Idan saƙo yana buɗe ka fara rubutu a wurin, bayanin yakan riƙe hanyar komawa ga wannan saƙon. A nan nake ajiye abin da ba ya cikin wasiƙa: wannan kwastoma ba ya son a taɓa lambobin shafi, ya faɗa ta waya cewa sashe na 4 lauyansa ne ya rubuta, a bar shi yadda yake. Ina jera abubuwan da suka rage, kowanne da ɗan akwatin da ake yi wa alama, wani lokaci har da hoton shafin da kwastoman ya zana wa layi da biro. Masu Outlook, manhajar imel ta Microsoft, suna da irinsa, sukan tura saƙo zuwa OneNote, manhajar ajiye bayanai, su ɗora bayani a kai. Ma'aikaci ya tafi hutu, wani ya ɗauki aikin ba sai an kira shi ba.

Doka ɗaya na kafa, ba na sassauci a kanta: bayanin cikin gida ba ya shiga jikin takarda. Sharhin da aka bari a gefen fayil yana bin fayil ɗin duk inda ya je, kuma "wannan adadi bai yi kama da gaskiya ba" magana ce tsakaninmu, ba ta kwastoma ba. Bakin da ya furta ba ya mayarwa, imel ma 'yan daƙiƙoƙi kawai yake ba ka ka janye, 30 ne mafi yawa a Gmail.

Ba kowace takarda nake yarda a gyara daga cikin Gmail ba. Mai jadawali da yawa ko bayanan ƙasan shafi takan ɗan goce idan aka buɗe ta a wata manhaja, layi ya sauka, shafi ya ƙaru. Irin wannan a Word muke gama ta. Kwafin da aka amince da shi kuwa, PDF muke mayar da shi, mu ajiye a jakar kwastoman da kwanan wata a gaban sunansa.