Abin da aikin jima ya nuna mini game da ƙasashen da suka ci gaba

A makaranta da alƙaluma aka koya mana raba ƙasashen duniya: kuɗin shigar mutum a shekara, yawan masu ilimi, tsawon rai. Mun haddace, mun ci jarrabawa. Sai da na kama aikin tantance fata a wata masana'antar jima a Kano na gane daga ina waɗannan alƙaluma suke fitowa.

Fatar jan akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna tun zamanin ayari. Ana ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, don ta can take isa hannunsu. Yau raƙumi ya koma kwantena, amma cinikin bai sauya ba. Mu jeme, mu loda, ta tafi Italiya ko Sifaniya. Can za a yanka, a ɗinka, a manna suna, kuɗin jaka guda ya isa sayen garken awaki. Wahalar tana wajenmu, tsokar ribar tana wajen mai aikin ƙarshe.

Ba ƙwarewa muka rasa ba. Duk wanda ya tsaya kan baduku a Ƙofar Wambai yana ɗinka takalmi ya san haka. Amma ce masa kana son ƙafa dubu, launi ɗaya, awo ɗaya, ranar kaza. A nan ake yin ta. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, a tayar da janareta, kuɗin gas ya hau kan kowace fata. Banki kuma ba ya ba shi bashin sayen inji sai da ruwan da zai karya shi.

Asarar ma tun daga mahauta take farawa. Nakan ɗaga fata a gaban haske in ga inda wuƙa ta zarce garin fiɗa, ko tabon ƙaya da kaska, ko wurin da ya fara ruɓa saboda ba a sa gishiri da wuri ba. Nan take ta faɗo daga aji na ɗaya zuwa na uku. Mahauci bai damu ba, kuma ban ga laifinsa ba, tunda kuɗi ɗaya dillali zai ba shi, ko ya huda ko bai huda ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda majemun yankin Tuskani na Italiya suke. Yawancinsu ƙanana ne, na iyali, ba wasu gagga ba. Sai dai sun haɗa hannu wajen tace dagwalon da ke fita daga majema, akwai wurin gwajin fata da na horar da ma'aikata a kusa, mai gyaran inji yana nan cikin gari. Mu kuwa kowa shi ke haƙa rijiyarsa, ya samar da wutarsa, ya ɗauki mai gadinsa, wani lokaci har ya cike ramin titin ƙofar masana'antarsa, kafin ya taɓa fata ko ɗaya.