Ranar da na yi wa tsohon allo aski

Laraba, Katsina.

Jiya Maigida ya yanke hukunci cewa mun gama da tsohon allo, wato allon lantarki da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar famfo. Manhajar da ke sarrafa famfunan burtsatse masu sola da muke haɗawa, da harshen C aka rubuta ta, tun lokacin tsohon allon, mai ƙwaƙwalwar ATmega328P mai ɗaukar 32KB kacal. Da aka koma sabon allo mai ESP32, wanda ya riga ni zama a kujerar nan bai raba manhajar tsohon da ta sabon ba, sai ya bi ko'ina yana cusa #ifdef TSOHON_ALLO, #else, #endif, layukan sharaɗi da ke zaɓar ɓangaren da zai yi aiki a kowane allo. Wani wurin har uku cikin juna, kamar jeren kwallar amarya, ka buɗe wannan ka tarar da wata a ciki.

Da hantsi na fara gogewa da hannu, wai ni gwani. Kafin ƙarfe sha ɗaya GCC, mai fassara C zuwa harshen na'ura, ya watsa mini ƙasa a ido: "unterminated #ifdef". Na goge #endif ɗin da ba nasa ba, kuma cikin layi sama da dubu biyu ban san wanne ba ne. Na mayar da komai yadda yake da Git, mai adana tsofaffin sigogin aiki, na fita na sha kunun zaƙi a bakin titi don zuciyata ta sauka.

Da na dawo ne na tuna da unifdef, manhajar da ke cire irin waɗannan layukan sharaɗi. Tsohon kayan aiki ne daga BSD, wani reshen tsarin Unix, Dave Yost ya fara rubuta shi, Tony Finch ke kula da shi yanzu, kuma masu Linux ma da shi suke cire sassan __KERNEL__, na cikin gidan Linux kaɗai, daga fayilolin da suke miƙa wa masu rubuta manhaja. Abin da na buga ke nan:

unifdef -UTSOHON_ALLO -m famfo.c

Wato ka ɗauka babu tsohon allo, ka gyara fayil ɗin a inda yake. Kafin na ɗaga hannu ya gama. Ya kwashe ɓangaren tsohon, ya bar abin da ke ƙarƙashin #else, ya tafi da layukan sharaɗin su kansu. Abin da ya fi burge ni, sunan da ban ambata masa ba bai taɓa shi ba. #ifdef ɗin gwaji suna nan daram. Da gcc -E na bi, wanda shi ma yake warware sharuɗɗan, da ya zubo mini duk fayilolin #include a ciki, ya share bayanan da aka rubuta a gefe, in rasa gane kayana.

Amma sai da ya ɗan wahalar da ni. Na sa shi cikin ɗan umarni don ya bi sauran fayiloli goma sha huɗu, sai ya tsaya cak bayan na farko, ba ƙorafi ba komai. Kusan rabin awa ina zargin kaina. Ashe in ya canza wani abu lamba 1 yake dawowa da ita, 0 in bai canza komai ba, 2 in an samu matsala. Ni kuwa na sa set -e, wanda ke ɗaukar duk abin da ba 0 ba a matsayin faɗuwa, ya tsayar da aiki. Sannan duk #if 0, wato sassan da aka kashe da gangan, ya bar su, sai an ƙara masa -k. Ban ƙara ba. A ɗaya daga ciki wanda ya riga ni ya rubuta: "kada a goge, injin yana zafi da rana". Na bar masa kayansa.

Bayan La'asar ƙanena da ke koyon aiki a wurinmu ya leƙo allon kwamfutar.

"Yaya, to famfuna biyun nan na ƙauyen Daura fa? Ai tsohon allo ne a jikinsu."

Wallahi na manta da su. Na koma Git na sa wa sigar jiya alama da sunan daura-tsohon-allo, na rubuta a takarda na manna jikin bango kusa da injin walda. Ya ce rubutuna ba ya karantuwa, ya cire ya sake rubutawa da maka.