Talata: bindigar G11 da harsashi marar kwanso

Yau tun bayan la'asar nake kan zanen cikin G11, bindigar da kamfanin Heckler & Koch ya ƙera wa sojojin Jamus ta Yamma, kamfanin Dynamit Nobel kuma ya yi mata harsashi. Harsashin nata ba shi da kwanso, wato gidan tagullar nan da ke riƙe albarushi a harsashin da aka saba. Duk sabon zanen bindiga marar kwanso da na gani, sai na tarar yana fama da matsalolin da wannan ta yi fama da su.

Dabarar tana da kyau matuƙa. An danne albarushi ya zama ɗan curi mai kusurwa huɗu, tsawonsa milimita 33, aka binne kan harsashi mai kaurin milimita 4.73 a cikinsa. Nauyinsa duka gram 5 da 'yan kai, alhali harsashi mai kaurin milimita 5.56 na ƙawancen tsaro na NATO ya kai wajen gram 12. Soja zai ɗauki ninki biyu ke nan ba tare da kayansa sun ƙara nauyi ba. Gidan harsashi yana kwance a saman bututu, harsasan suna kallon ƙasa. Ɗaya ya faɗa gurbin da harsashi ke zama a harba shi, gurbin ya juya digiri 90 ya daidaita da bututu, a harba. Tunda babu kwanson da za a zaro a jefar, harsashi uku sukan fita da saurin kusan 2,000 a minti, na ukun ya bar bututu kafin bugun baya ya iso kafaɗa.

Amma kwanson tagullar nan da ake gani kamar shara, aiki yake yi ba kaɗan ba. Idan wuta ta tashi yakan kumbura ya toshe bayan gurbi don kada hayaƙi mai zafi ya tsira ta baya. Yana kare albarushi daga laima da gutsurewa. Idan harsashi ya ƙi tashi, gindinsa ake kamawa a fizgo shi. Mafi girma kuwa, duk kwanson da ya fita yana tafiya da wani kaso na zafin. In babu shi, zafin yana taruwa a ƙarfe, albarushi tsirara ya shiga ya taɓa bango, sai ya tashi da kansa ba a taɓa kunama ba. Wannan ne ya sa aka janye G11 daga gwajin NATO na ƙarshen shekarun 1970, har sai da aka sauya albarushin da wani mai jure zafi sosai.

Maƙeran sun shawo kan wannan, amma cikin bindigar ya zama kamar cikin agogo, kuma ina shakkar soja zai iya gyara ta cikin taɓo da dare. Bayan haɗewar Jamus a 1990 kuɗi suka ƙare, daga baya aka ɗauki wata bindigar daban, G36.

Amurka ta sake gwadawa a shirin LSAT na rage nauyin bindigogi da harsasai daga 2004, ta fi karkata ga kwanson roba. A 2022 kuma sojojinta suka zaɓi bindigar kamfanin SIG Sauer mai harsashin milimita 6.8, kwansonsa tagulla, gindinsa ƙarfe.

Gobe zan koma kan zoben da ke toshe gurbin G11 a madadin kwanso, don a can na tsaya da aka kira magariba.