Wiwi mai halin gero

Sai da na kwana uku ina juya maganar kafin na iya gaya wa Baba a kan abin da zan yi binciken kammala karatun harhaɗa magunguna. Mutumin Mai Wurno, manomin dawa da gero a bakin Kogin Nilu, a ce masa ɗansa yana Khartum yana shinshinar bango, wato wiwi a bakin mutanen Sudan? Da na faɗa a waya sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Da izinin hukuma?" Na ce eh, Baba, da takarda, kuma a kulle yake a durowar Dakta, malamar da ke duba aikina. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Sudan ta 1994 ba ta wasa, ko ƙwayar hatsi ba ta fita daga ɗakin gwaji.

Samfuri biyu aka ba ni daga kayan da aka kama. Ɗaya bangon gida ne, irin wanda aka san yankin Radom a Kudancin Darfur da shi, busasshe, cike da 'ya'ya da ƙirare. Ɗayan dunƙulallen fure ne mai danƙo, an rubuta "Auto" a jikin ledarsa. Wannan kalmar ce ta cinye mini mako guda.

Wiwi na asali yana jiran dare ya yi tsawo, wajen awa 12, kafin ya yi fure. Amma a 1924 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Janischewsky, ya bayyana wani gajeren iri da ke fitowa kamar ciyawa a yankin Kogin Volga, ya sa masa suna Cannabis ruderalis. Can lokacin ɗumi gajere ne, wanda ya tsaya jira sanyi ya kashe shi, don haka shi kwanakinsa yake ƙirgawa: ya yi mako uku ko huɗu, sai fure. Sinadarin bugarwa, wato THC, kaɗan ne a jikinsa. Masu haɗa iri suka aura shi da masu ƙarfi, daga nan aka samu irin su Lowryder a farkon shekarun 2000, masu yin fure da kansu, su ake kira "Auto". Halin nan kuwa ɓoyayye ne a gado: 'ya'yan farko ba sa nuna shi, sai a jikoki, ɗaya cikin huɗu.

Na yi ta fama da wannan bayani a waya, sai Baba ya katse ni. "Ai gero da maiwa kake faɗa." Gero ya cika kwanakinsa ya fitar da kai, maiwa kuwa ko yaushe ka shuka ta sai ƙarshen damina. Abin da na karanta a mako guda ke nan, ya gama da shi yana shan shayi.

A wajen ƙamshi ne na sha kunya. Ƙamshin yana fitowa daga ƙananan gashi masu danƙo a jikin furen, inda THC ma yake taruwa. Cikin sinadaran ƙamshin akwai mirsin, wanda ake samu a mangwaro da ciyawar lemun shayi. Akwai limonin na ɓawon lemu. Akwai kariyofilin na masoro da kanumfari. Ranar da na buɗe ledar, lemu da ɗanyen mangwaro ne suka doke ni. Na rubuta a littafina da ƙarfin gwiwa cewa mirsin da limonin za su yi rinjaye. Sai layin na'urar gwajin sinadarai ya yi tsawo, wuta ta yi ta ɗaukewa, firjin ya zama akwati, a watan Mayu kuma, lokacin da zafin Khartum ke wuce digiri 40. Da na samu gwadawa, kariyofilin ne a sama, mirsin ya kusa ɓacewa.

Na kai wa Dakta takardar ina murna na gano wani abu sabo. Ta duba, ta ce, "A ina ka ajiye shi, ɗana?" Mirsin da limonin marasa nauyi ne, zafi kaɗan sun bi iska; kariyofilin ya fi su nauyi, shi ya sa ya zauna. Ashe zafin ɗakinmu na auna. Aka sake ba ni ɗan abin da ya rage a wani firji mai janareta, na sake daga farko.

Sakamako na biyu ya gyara mini wani zato. Bangon gida, wanda ƙamshinsa ya fi hawa kai kamar tsohuwar ciyawa, bai kai baƙon THC ba ko kusa. Hanci ba ya auna ƙarfi, domin shi THC ɗin, wanda masana Mechoulam da Gaoni suka ware a 1964, kusan ba shi da wari. Zancen da 'yan kasuwa ke yi cewa mai ƙamshin lemu yana sa nishaɗi, mai mirsin yana sa barci, ni dai ban ga hujjar da ta gamsar da ni ba. Talla ta fi yawa a ciki. Abin da ya tabbata aikin THC ne: jan ido, bugun zuciya da sauri, bushewar baki, yunwa, mantuwa, wani lokaci tsoro marar dalili. Ga matashi mai sha kullum, musamman mai ƙarfin, haɗarin taɓin hankali yana ƙaruwa. Na ga wannan a wani ɗan unguwarmu tun kafin na san sunan sinadarin.

Ragowar samfurin an auna shi a gabana, na sa hannu, Dakta ta sa hannu, aka mayar. Da na koma gida hutu, Baba ya gabatar da ni ga abokansa a matsayin wanda ya je Khartum koyon bambancin gero da maiwa.